Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan Matata

Ba zan taɓa mantawa da abin da ƙanin matata ya yi mini ba, ko da zan manta hanyar gidana. Ya tara mutane a gidansa na Nassarawa GRA, ya cusa mini lasifika a baki, ya ce in faɗi sunan matata. Ni kuwa na kasa. Shekara talatin da aure, da 'ya'ya da jikoki, na tsaya ina zare ido kamar akuyar da ta shiga masallaci.

Kafin ku fara zagina, ku saurara. A gidansu Uwani ake ce mata, saboda sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, ba mai iya kama shi. Da aka kawo ta gidana a Tudun Wada ta zama Amarya. Da ta haihu ta zama uwar yara. Da ta sauke farali ta zama Hajiya. Ni kuwa tun daren farko "ke" nake cewa, kuma tana amsawa. Sunanta na yanka sau ɗaya na taɓa jin sa, ranar ɗaurin aure, ina can bayan sahu ina fama da takalmin aro da ya matse mini ƙafa. To ina laifina? (Kada ku amsa.)

Shi wannan ƙanin nata ni na koya masa hawan keke, lokacin yana yawo da wando yagagge. Dimokuraɗiyya ta zo ta ɗauke shi ta kai majalisa, ya zama Honarabul, ya yi tumbi, ya sayi gida mai ciyawar da ake yi wa aski. Ni kuma ina nan shagona na kayan famfo, da ilimina na aji biyun sakandare.

Shi ne ya zo da maganar wai za a yi mana bikin cika shekara talatin da aure. Na ce masa mu ba Turawa ba ne, auren da bai mutu ba ai ba ya bukatar taro. Ya ce a'a Yaya, ba biki ba ne, walimar godiya ce. Lokacin shari'a na kan ganiyarta, an kori makaɗa daga gidajen biki, duk abin da mutum zai yi in ya kira shi walima ya gayyato malami, shi ke nan ya halatta. Ga kuma zaɓe ya ƙarato. Na gane inda ya dosa, amma na ga yadda fuskar Hajiya ta yi haske da ta ji, sai na amince.

Ranar aka kafa rumfuna biyu, maza nan, mata can, aka ja labule a tsakani (labulen da ba ya tare murya, ku riƙe wannan). Aka ɗora ni kan wata kujera mai ruwan zinare, da babbar riga mai sitaci kamar kwali. Malam ya yi wa'azi a kan haƙƙin mata, yana yi yana nuna ni, wai a yi koyi da wannan bawan Allah. Ni kuma ina gyaɗa kai, har na fara yarda da shi. Kuma don Allah akwai abin tunawa. Shekarar da shagona ya ƙone, ɗinkin hularta ne ya ciyar da gidan. Da babur ya karya mini ƙafa, ita ta dinga cicciɓata zuwa banɗaki, ba ta taɓa bari yara sun gani ba. Ina cikin wannan tunani, idona har ya kawo ruwa, sai ga Honarabul a kaina da lasifika.

"Jama'a, yau za mu gwada angon shekara talatin. Yaya, tambaya ɗaya ce, mai sauƙi. Mene ne sunan amarya?"

Na ce, "Hajiya Uwani."

"A'a, na yanka muke so. Wanda liman ya faɗa."

Na buɗe baki, na ji kaina fayau kamar tankin da aka zuƙe. Na ce bari in bi ta kan jikarmu da aka yi wa Hajiya takwara. Sai na tuna Ummi muke ce mata, don kada a kama sunan kakarta. Na dubi babban ɗana, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, shi ma bai taɓa furta shi ba. Gumi ya jiƙa sitacin rigata. Wani daga baya ya ce, "Kunya yake ji!" Aka yi dariya. Da ina da hankali da na kama wannan igiyar na ce eh, kunya ce, na zauna. Amma ni ba na son a ce na kasa. Na laluba can ƙasan ƙwaƙwalwata, na ji wani suna yana motsi, tsohon suna mai daɗi, na ce lallai shi ne. Na gyara murya.

"Hauwa'u!"

Rumfar maza ta fara tafi. Rumfar mata ta yi tsit. Sai muryar babbar yayar Hajiya, wata tsohuwa da ba ta taɓa ƙaunata ba, ta keto labule:

"La ilaha illallahu! Hauwa'un gidan mai goro? Har yanzu tana ransa?"

Hauwa'u, jama'a, 'yar maƙwabtan su Hajiya ce da na fara nema kafin Hajiya, ubanta ya kore ni. Kuma tana wajen, a sahun gaba, an ce har cokali ya faɗi daga hannunta. Mijinta kuwa yana kusa da ni da cinyar kaza a baki. Malam ya karɓi lasifika ya hau salati da ƙarfi. Honarabul yana dariya har da riƙe tumbi.

A gida Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka da zafinsa, magana ce babu. Na yi ta maza na wasu kwanaki, sannan na je na tsuguna a ƙofar madafi tana tuƙa tuwo. Na ce ai ke ma ba ki taɓa kiran sunana ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ni kunya ta hana ni. Kai kuwa babu shi ne a kanka. Na wata ne a ciki."

Na rantse mata Hauwa'u ko a hanya na gan ta ba zan gane ta ba (ƙarya ce, amma irin wadda malamin walima ya ce an yarda a yi wa iyali). Na ce ta taimake ni ta faɗa mini. Ta bar ni a tsugune har gwiwata ta fara ƙara, sannan ta faɗa, a hankali, tana kallon tukunya. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Wallahi sai matar nan mai jikoki ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska tana cewa, "Kai Malam, yara za su ji." Tun ranar kullum da safe sai na kira shi sau ɗaya, kamar shan maganin hawan jini. Ku kuma ba zan faɗa muku ba, matata ce.

Abin da na koya, in ba ka san amsa ba, ka ce kunya kake ji. A garin nan ba a taɓa kama mai kunya da laifi ba.

Saura Honarabul. Na same shi a falonsa, 'yan siyasa sun kewaye shi ana ta ranka ya daɗe. Yana ganina ya ce, "A'a, angon Hauwa'u!" Suka kwashe da dariya. Na bari suka gama. Na ce tambaya ɗaya ce, mai sauƙi, mene ne sunan yayarka?

Ya ce, "Yaya Uwani mana."

Na ce na yanka muke so.

Ya buɗe baki. Ya dubi silin. Ya fara lalubar waya a aljihu, wai bari ya kira gida.

Na ce, "Bar wayar. Ni sau ɗaya na ji shi cikin hayaniya na manta. Kai ita ta goya ka, ta wanke maka kashi, ba ka taɓa tambaya ba, amma ka iya tara mini jama'a. Na san shi yanzu, kuma ba zan faɗa maka ba. Ranar zaɓe kuwa in na shiga dangwala yatsa, kada ka sa rai. Ka dai san ni da mantuwar suna."