Azumin Litinin da Ya Ƙare a Basirka

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni ita.

Na tashi da azumin nafila, har na ce wa mai ɗakina Hajara kada ta sa da ni a abincin rana. Na faɗa da ɗan ƙarfi (Allah Ya yafe mini, so nake maƙwabta su ji). Sai na hau babur zuwa Basirka, inda wani aminina ya kira ni raɗin sunan jikansa.

Na yi addu'a, na rubuta sunan jaririn da ajami, na miƙe zan tafi. Sai ga waina da miyar taushe. Na ce a raina, ai karya azumin nafila don girmama mai gida ba laifi ba ne. Bayan waina sai kayan cikin rago. Bayansu ƙwaryar fura da nono. A hanyar dawowa kuma na tsaya na sayi ɗanwake, wanda ban san mai gidan da na girmama da shi ba.

Na iso gida ina jan carbi, fuska a yamutse irin ta mai azumi. Kafin la'asar cikina ya murɗa, na kwanta a tabarma ina salati. Hajara ta ruɗe, ta kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu.

Likita ya danna cikina ta dama, na yi ƙara. Ya ce, "Malam, ciwon ciki iri-iri ne. Akwai gyambon ciki, akwai tsutsa, akwai taifod, akwai gurɓataccen abinci. Me ka ci yau?"

Kafin in buɗe baki Hajara ta ce, "Likita, ko ruwa bai sha ba. Bawan Allah azumi yake."

Likita ya ajiye biro. "To in haka ne abin ya fi ƙarfina. Sai babban asibiti. Wataƙila hanji ne, a yi aiki."

"Aiki? Na wuƙa?"

"Na wuƙa, Malam."

Na dubi Hajara, na tuna wuƙa. Na sunkuyar da kai na fara lissafi tun daga waina. Likita yana rubutawa yana cewa, "Sai me?" Da na kai kan ɗanwake, sai da ya juya takarda.

Hajara ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, wannan azumin a wane littafi yake? A koya mini, ni ma ina so."

Magani aka ba ni, kwana biyu na warke. Yanzu in na ɗauki azumi ba na faɗa wa kowa, in na karya kuwa Hajara nake fara faɗa wa, tun kafin cikina ya riga ni.