Agogon Kakana da Abdulƙadir na Sham

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ranar da na ɗebi dattawa uku a keke napep, ni da kaina, na kai su Babbar Kasuwa don su ga kunyata da idonsu. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na tare keken, ni na ce su shiga.

Ina da agogon aljihu na azurfa mai sarƙa, gadon kakana Malam Hamidu, Allah Ya jiƙansa. Da shi ya je aikin Hajji ta ƙasa, da shi ya dawo. Iyakar abin da aka faɗa mini ke nan. Amma in ka buɗe murfin baya, akwai suna da aka zana da harufan Larabci ƙanana: Abdulƙadir, da 'yan zane uku a ƙarƙashinsa. A bayan agogon kuma akwai wani hoto da ya goge, mai kama da rana tsakanin ganyen dabino biyu. Daga nan na gina labarina. Abdulƙadir ya zama maƙeri a birnin Sham, mai farin gemu, wanda ba ya taɓa agogo sai da alwala. (Gemun daga baya na ƙara masa, da na ga labarin yana karɓuwa.) Shekara da shekaru ina ba da shi, har ni kaina na yarda.

Muna da majalisa a Unguwar Rimi, ƙofar gidan Alhaji Sabo, inda muke zama bayan La'asar. Sabo tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Bakano, ni kuwa Bazazzagi, don haka tsokana tsakaninmu wajibi ce. Ran nan agogon ya tsaya, ina girgiza shi, sai ya ce:

“Malam, sai a mai da shi Sham a gyara. Ko maƙerin ya rasu?”

Na ce ya kiyayi bakinsa. Ya karɓa, ya ɗora tabarau, ya juya shi.

“Na ga Abdulƙadir. Ina Sham ɗin?”

“Kai da ka ƙare rayuwarka kan fayil, me ka sani a rubutun mutanen kirki?”

“To, mu je wajen Baba Iro mai gyaran agogo. In ya ce Sham, na yanka maka zakara.”

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce in ba a Sham aka ƙera agogon nan ba, na yi alkawari wata guda ba zan buɗe baki a majalisar nan ba. Duk wanda ya san ni ya san hana ni labari ya fi mini hana ni tuwo ciwo.

Baba Iro tsoho ne tukuf, yana da ɗan teburi mai gilashi a wani lungu na Babbar Kasuwa kusa da 'yan tabarau. Muka gaisa, na miƙa masa agogon da hannu biyu. Kafin ya ce uffan na fara masa bayani, da murya yadda maƙwabtansa za su ji. Na kawo Sham, na kawo alwala, na kawo gemu. Mutane suka fara matsowa. Shi dai ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya sa farce ya ɓalle murfin. Sai na ga ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

Na taɓa Sabo da gwiwar hannu. A raina na ce, ka gani, har ƙwalla ya sa shi.

Baba Iro ya ce, “Malam, wannan hannun mahaifina ne.”

Na ce, “Mahaifinka ya zauna a Sham?”

(Wallahi haka na ce. Sabo ya dafa kafaɗar wani don kada ya faɗi.)

“Bai taɓa wuce Zariya ba. A teburin nan ya yi aiki har ya rasu. Haka muke yi, duk agogon da ka wanke ka sa masa mai, sai ka zana sunanka da allura a cikin murfi, don in ya dawo ka san naka ne. Zane ukun nan, sau uku aka kawo masa shi.” Ya matso mini da murfin. “Kai da ka yi allo, wannan rubutun ya yi maka kama da na Larabawa?”

Na duba. Hannun zaure ne tsantsa, mai kauri, irin wanda nake koya wa yara kullum safiya. Da a takarda aka kawo mini, da tuni na faɗi garin da mai shi ya yi karatu. Son labari ne ya rufe mini ido.

Bai tsaya nan ba. Ashe akwai murfi na biyu a ciki, wanda ban taɓa sanin yana buɗuwa ba. Ya ɓalle shi, ga injin yana ƙyalli, ga rubutun boko. Ya ce a ƙasar Suwizalan aka yi shi, irin wanda ma'aikatan jirgin ƙasa ke riƙewa a da. Ranata da ganyen dabinona kuwa, ya ce ƙafar jirgi ce mai fukafukai.

Wani mai sayar da tabarau ya ce, “Allah sarki, Malam. Gemun fa?”

Layin ya ɗauki dariya. Na ji zufa tana bin bayana har cikin wando. Amma ban sunkuyar da kai ba. Na gyara hulata na ce, “Alhamdu lillahi. Agogon ya je Makka ko bai je ba? Ya je. Wa ya riƙe masa rai har ya nuna wa kakana lokacin salla a hanya? Abdulƙadir. Abin da na rasa Sham ce kawai.” Na ce wa Baba Iro ya wanke shi, ya sa masa mai, ya kuma zana sunansa ƙarƙashin na mahaifinsa. Ya yi. Kafin mu tafi muka yi wa mamatan biyu addu'a, har da Sabo, yana share hawayen dariya.

Alkawari kuwa na cika shi. Kwana talatin ina zuwa majalisa, in yi sallama, in zauna kamar buhun masara. Sabo ya laƙaba mini Shehun Sham, kullum sai ya kawo labari ya ɓata shi da gangan yana kallona. Na daure. A mako na uku su da kansu suka roƙe ni in karya alkawarin, wai zaman ya yi sanyi. Na girgiza kai, na ciro agogona na duba.

Ran da wata ya cika, na ba su labarin Abdulƙadir na Babbar Kasuwa da allurarsa, ya kai mu har kiran Magariba. Shehun Sham kuma har gobe in an kira ina amsawa. Darasin da na ɗauka guda ne: ban daina ba da labari ba, amma in za a bincika shi, ni kaɗai nake shiga keken.