Amyar da Na Ce Kango Ce

Ranar aikin gayyar gyaran tsohon kurmin bayan Matamaye, ni na naɗa kaina masanin daji. Muka tarar da wata tsohuwar amya bisa gawo, daidai inda za mu fid da hanya.

Shugabarmu Hajiya Rabi ta ce, "Malam, a bar ta."

Na ce, "Hajiya, kango ce, zuma sun daɗe da tashi." Na zungure ta da gora.

Ƙugin da ya taso har yau ina jinsa a mafarki. Na ture dattawa biyu, na faɗa cikin ƙaya ina salati, ina yafe wa duniya. Hajiya kuwa ta duƙunƙune cikin mayafinta, ko harbi ɗaya.

Yanzu duk ranar kasuwa, mai zuma na hango ni sai ya rungume kwalabensa: "Malam, a bar su, da mai su."