Ranar da Gagarabadau Ya Kama Kansa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗana tarko da hannuna, na tara jama'a, sannan na faɗa ciki suna kallo ba.

Malamin kwamfuta ne ni a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, kullum daga Yako nake zuwa a kan mashin. Amma a lokacin in ka tambaye ni sana'ata, koyarwa ce ta ƙarshe da zan ambata. Akwai wata manhaja ta kyauta mai sa ido a kan intanet ɗin ma'aikata, ta nuna inda ya tsinke da inda ya yi nauyi. Masu sha'awa daga ƙasashe daban-daban ne ke gina ta, kowa ya kawo gyaransa, ba a biyan kowa. Ni ma na shiga. Gyarana na farko da suka karɓa ɗan mitsitsi ne, amma sai da na kai labarin har teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora (na ce musu da Turawa nake aiki, ban dai ce ko fuskata ba su sani ba).

Kwatsam intanet ɗin makarantarmu ya fara rarrafe, ga rajistar jarrabawar 'yan aji shida ta matso. Hajiya mai makarantar ta tambaye ni dalili. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara murya na ce wani ne ke shanye shi da kallon bidiyo. Ban kama suna ba, amma na kai ido teburin Malam Sabi'u, dattijon da ke mana rajista, don na taɓa ganin yana kallon wa'azi a waya. Hajiya ta bi idona da kallo, ta ce duk wanda aka kama, a ranar zai bar aiki. Bawan Allah, ga iyali, tun daga nan ko taɓa wayarsa a ofis bai sake yi ba.

Ni kuwa murna ta kama ni. Na kwashe Asabar da Lahadi ina rubuta wa manhajar sabon sashe, wanda zai jera na'urori daga mafi cin intanet zuwa mafi ƙarancin ci. Ranar Litinin na sako kaftanina na Juma'a, na sa aka tara malamai, na haska majigi a bango. Na yi jawabi mai tsawo a kan amana. Har na ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta kuma san sani ko sabo ba (wannan maganar har yau in na tuna ta sai na runtse ido). Sannan na danna.

A can sama, da jan layin da ya kusa cika bangon, ga suna ɓaro-ɓaro: GAGARABADAU.

Kwamfutata ce. Ni na raɗa mata sunan, kuma shi ne a rubuce da fenti a bayan mashin ɗina. Nan take na tuna na saita ta ta riƙa sauko da manyan fayilolin gwaji na manhajar duk inda ta samu intanet. A Yako sai ka hau katanga kake samun sabis, don haka kullum da safe a makaranta take cika cikinta. Wayar Malam Sabi'u kuwa tana can ƙasa, da ƙyar ake ganin layinta.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai na ce wataƙila manhajar ce ta yi kuskure. Hajiya ta tuna mini cewa yanzun nan na ce ba ta ƙarya. Ta dubi taga, inda mashin ɗina ke jingine a gindin darbejiya.

"Malam Sabi'u, leƙa ka karanto mana abin da ke bayan mashin ɗin can."

Ya tashi a hankali, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Mutumin da ke karanta ƙananan lambobin rajista ba tabarau.

"Hajiya, idona ba ya kaiwa daga nan," in ji shi.

Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Shi ne kuma ya roƙi Hajiya kada ta cika maganarta a kaina. Ina rufe kwamfutata intanet ya miƙe, aka ci gaba da rajista. Da na bi shi ofis ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ai wa'azin da na ga yana kallo ma a kan haƙuri ne.

Masu manhajar sun karɓi sashen. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko na gwada shi a wurin aiki na gaske. Na ce ƙwarai, kuma a gwajin farko ya kama mai laifin. Ban yi ƙarin bayani ba.

Da ma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ni nawa har majigi na haska masa. Na shafe bayan mashin da baƙin fenti, amma har yau in Malam Sabi'u zai gaishe ni, sai ya ɗan leƙa wurin ya yi murmushi.