Ranar da Ƙofar Motata Ta Riƙe Waliyyin Amarya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren ƙanwar matata a Salaga. Lokacin ban daɗe da sayen wata 'yar ƙaramar mota ba, kuma duk Yendi babu wanda bai ji labarinta daga bakina ba. Injinta lafiya lau. Jikinta ne abin tausayi: fenti yana ɓarewa kamar bawon gyaɗa, bamba na ɗaure da waya, ƙofar gefen fasinja kuma sai an lallashe ta take buɗewa. Makanikena ya ce in bar masa ita kwana biyu, na ce sai bayan biki (a raina, bikin da babu motata ai bai cika ba).

Waliyyin amarya shi ne baffan matata, Alhaji Seidu, dillalin shanu daga Bawku, mutum mai jiki da kwarjini. A gidanmu ya kwana. Da safe ya ce zai hau motar haya, na rantse ba a gabana ba.

Mun wuce Bimbilla kaɗan aka fara ruwa. Robar ƙofar ta saki, ruwa ya riƙa ɗiga a kafaɗar farar shaddarsa. Ya dai matsa, ya ci gaba da jan carbi. Ni kuma na ƙara wa rediyo murya.

Muka isa ƙofar masallaci, jama'a sun cika, liman kuma Alhaji kaɗai yake jira. Da gangan na tsaya a tsakiyar idon mutane. Na zagaya da sauri don in buɗe wa Alhaji, na ja marikin ƙofar, sai ga shi a hannuna. Ya cire gaba ɗaya.

"Baba, a gwada ta ciki," na ce.

Ya gwada, ta ƙi. Dangin ango suka taso, wannan ya ja, wancan ya buga. Daga ƙarshe dole Alhaji ya tattara babbar rigarsa, ya tsallake sandar giyar motar, ya fito ta wajen direba, hula a hannu, ƙafa ɗaya babu takalmi. Ni kuwa ina tsaye riƙe da marikin, na rasa inda zan ajiye shi.

Ya gyara rigarsa a nitse, ya dube ni.

"Ɗana, motar nan taka ta iya karɓar baƙo. Sallamarsa ce ba ta koya ba."

Har liman sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. An ɗaura aure, Alhaji ya koma Bawku a motar shanu, ya ce wa matata motar shanun ko ba komai bayanta a buɗe yake.

Tun daga ranar, idan babban mutum ya ce zai hau motar haya, ni da kaina nake raka shi tasha, in riƙe masa jaka.