Tumatir Uku, Tumatir Biyu

Jiya asirina ya tonu, jama'a. Ina tura keken kaya cike da tumatirin gwangwani a katafaren kantin nan na bakin garin Moca, sai ga Doña Nereida, wadda ta shekara ashirin tana cefane a shagona.

"Don Eusebio! Ashe nan kake sari, ka je ka yanke mu?"

Kamfanin tumatirin yana sayar mini da gwangwani ɗaya peso arba'in, kuɗin ƙasarmu. Kantin nan kuwa yana sayar wa kowa talatin da uku, har da sanyin na'ura kyauta. To su a nawa kamfanin ya ba su?

Wai akwai dokar da ta hana kamfani bambanta farashi tsakanin babba da ƙarami. Maƙwabcina Anacleto ya rufe shagonsa bara yana jiran ta. Da muka ga gemunsa ya kama wuta, mu masu ƙananan shaguna tara muka shafa wa namu ruwa, muka kai ƙara.

Allah ya saka wa shugaban hukumar da muka kai wa ƙarar, Mai Girma Uban Adalcin Kasuwa! Nan take ya kafa kwamiti. Kwamitin ya kwana uku a otal ɗin bakin teku yana tausaya mana, da gasasshen kifi.

Bayan wata goma sha huɗu aka turo jami'in bincike, gashi ya sha mai. Ya jera gwangwanina da na kantin, ya juya su, ya murmusa.

"Dattijo, doka ta ce kaya iri ɗaya. Naka hoton tumatir uku ne a jiki, nasu biyu."

"Ranka ya daɗe, hoton ake zubawa a shinkafa?"

"Wannan kuma aikin wani kwamitin ne."

Na buɗe duka biyun, na miƙa masa cokali. Ya ce ɗanɗano ba ya cikin takardar aikinsa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Zai tafi, ya nemi lemo mai sanyi. Da ya ji farashi sai ya dafe ƙirji.

"Haba! A babban kanti bai kai haka ba. Ku ƙananan nan ku riƙa jin tsoron Allah."

Ban karɓi kuɗinsa ba. Ni ma na fara gane sana'ar: babba ake yi wa ragi.