Ranar da Na Kayar da Sandan Jirgin Yaya Nasiru

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na kusa rasa mata saboda bakina.

Lokacin ina neman auren Rabi. Mahaifinta yana Kano, don haka maganar tana hannun yayanta Nasiru, likitan haƙori a unguwar Jamaica, nan ƙasar waje inda muke zaune, mutum marar yawan dariya. Rannan a falonsa na ji yana zancen ƙaramin jirgin ruwan da ya saya, irin wanda iska ke turawa. Sai na ce, "Ai Yaya ni ɗan Yawuri ne, a ruwa na tashi." (A Yawuri aka haife ni kam, amma ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.)

"Madalla. Ran Asabar ka zo ka taya ni ɗaure wayoyin jirgin."

Ran Asabar na taso daga unguwarmu, Harlem. Na iske jirgin a bakin ruwa, da dogon sanda a tsakiya, wayoyin ƙarfe sun riƙe shi dama da hagu. Yaya ya miƙo mini sifana.

"Notin wayar dama ya yi sako-sako. Ƙara masa kaɗan, ni zan duba na gaba."

Na durƙusa. Wane gefe ake juyawa? In tambaya? Ɗan Yawuri guda? Na yi bisimilla na murɗa. Na ji abin yana laushi, na ce to alamar nasara ce, na ƙara ƙaimi.

"Yaya dai?"

"Lafiya lau, Yaya!"

Ban rufe baki ba notin ya fito a hannuna, ya suɓuce, tsulum cikin ruwa. Sandan ya karkata hagu a hankali, ya faɗa kan jirgin maƙwabci, inda wata tsohuwar Baturiya ke shan shayi. Allah Ya tsare, kofin kawai ya samu. Ni kuwa na ƙanƙame wayar ina salati.

Yaya ya gama ba ta haƙuri, ya juyo ya daɗe yana kallona.

"A wane ruwan ka tashi?"

"Na famfo, Yaya."

Ranar na fara ganin haƙoransa. Ya yi dariya har ya zauna.

An dai ba ni Rabi. Amma har yau ko kwan lantarki za a canza a gidansu, sai wani ya ce a janye ni gefe. Ni ma na koyi darasi: in surukai suna hira, aikina gyaɗa kai.